Yadda Ake Sayen Tsohon Lofe a Gwanjon Intanet

Duk wanda zai sayi tsohon lofe don tarawa, wajibi ne ya iya rarrabe abu biyu: lahanin da wanki ke gyarawa, da lahanin da in ya auku shi ke nan. Datti yana fita. Ƙanzon da ya taru a cikin rami ana kankare shi. Bakin da ya koɗe yana komawa baƙi wuluk a hannun wanda ya iya. Amma itacen da aka rage, da tambarin da inji ya shafe, da bakin asali da ya ɓace aka maye gurbinsa, babu gwanin da zai dawo da su. Saboda haka ni na fi son lofe mai dauɗa wanda ba a taɓa ba, a kan mai ƙyalli wanda ban san hannun da ya bi ta kansa ba. A gwanjon intanet kuwa ba ka riƙe kayan, ba ka shinshina, hoto kawai kake gani da 'yan layukan bayani. Cinikin biri a sama ne, sai dai akwai hanyoyin sauko da shi kusa kafin a biya.

Don mu fahimci juna, ga sassan lofe yadda zan riƙa kiransu. Tukunya ita ce kan da ake zuba taba, tana da rami a ciki da leɓe a sama. Wuya shi ne itacen da ya miƙo daga tukunya. Baki shi ne ɓangaren da ake cirewa, wanda ake sa wa haƙori, kuma yana da ɗan harshe da ke shiga cikin wuya.

Fara da zaɓen fage ɗaya

Duniyar lofe tana da faɗi, kuma sabon shiga da ya ce zai taya duk abin da ya burge shi, zai tara tarkace. Zaɓi gida ɗaya ko zamani ɗaya ka san shi ciki da bai.

Mafi yawan abin da za ka gani na itacen biraya ne, wato dunƙulen saiwar wata bishiya mai suna Erica arborea da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Italiya, Girka, Aljeriya da tsibirin Kosika. Garin Saint-Claude na Faransa shi ya zama cibiyar sassaƙa shi tun tsakiyar ƙarni na 19. A Landan akwai tsofaffin gidaje irin Dunhill, Barling, Charatan, Sasieni, Comoy's da GBD. A Dablin, babban birnin Ireland, akwai Peterson. A Italiya akwai Savinelli, da Castello wanda Carlo Scotti ya kafa a garin Cantù a 1947. Sai masassaƙan arewacin Turai masu aikin hannu ɗaya bayan ɗaya, irin Sixten Ivarsson da ɗansa Lars, da Jess Chonowitsch a Denmak, da Bo Nordh a Suwidin. Wani fagen daban shi ne mirsham, farin dutse mara nauyi da ake haƙowa kusa da Eskishehir a Turkiyya, wanda masassaƙan birnin Biyana na Ostiriya suka yi suna da shi a ƙarni na 19.

Shawarata ga mai farawa ita ce Peterson ko ɗaya daga cikin gidajen Landan. Kayansu suna da yawa a kasuwa, an yi rubuce-rubuce a kan tambarinsu, kuma kuskure ɗaya ba zai karya ka ba. Aikin manyan masassaƙan Denmak da Suwidin ka bar shi tukuna, domin a nan kuɗi ya fi yawa, a nan kuma jabu ya fi ciwo.

Koyi karanta tambari

Nan ne zan fi daɗewa, domin tambarin da aka buga a jikin wuya shi ne takardar haihuwar lofe. Lofe biyu masu siffa ɗaya daga gida ɗaya suna iya bambanta ninki da yawa a farashi saboda kalma ɗaya ko lamba ɗaya.

Ɗauki Dunhill. Alfred Dunhill ya fara ƙera lofe a 1910, farin ɗigon kan baki da ke zaman alamar gidan ya zo a 1912, samfurin Shell mai kaushin jiki da ake yi da feshin yashi kuma ya fito a 1917. Abin da ya sa masu tarawa ke son gidan shi ne yana buga 'yar lamba bayan kalmar England wadda ke nuna shekara. Idan ka ga lambar rajistar ƙira (patent) a jiki, lofen ya girmi 1955, domin daga wannan shekara aka daina buga ta. Idan babu ita kuma lambar shekara mai harufa biyu ce irin 15 ko 22, a lofen da aka yi kafin 2000 sai ka haɗa ta da 1960, ka sami 1975 ko 1982. Lamba ɗaya tilo ita ce mai rikitarwa, domin girmanta da tsayin wurin da aka buga ta su ke raba shekarun 1950 da na 1960. A nan sai da hoto na kusa sosai da jadawalin shekaru a gefenka.

Peterson kuma tarihin ƙasarsa ne a rubuce a jikinsa. Tambarin Irish Free State na tsakanin 1922 ne da 1937. Bayansa akwai Eire. Wanda aka rubuta Republic of Ireland ya zo ne bayan 1949, kuma masu tarawa sun fi daraja waɗanda suka gabaci wannan. Idan lofen yana da zoben azurfa, ofishin gwajin azurfa na Dablin yana buga hatimi tare da harafin shekara. Amma a kula: zoben nikel na Peterson ma yana ɗauke da wasu ƙananan alamomi uku masu kama da hatimi, waɗanda ado ne kawai, ba sa nuna shekara. Masu sayarwa da yawa suna ruɗewa a nan ba da mugun nufi ba. Azurfar Ingila ma haka take da hatiminta: zaki mai tafiya yana nuna ingancin azurfa, kan damisa Landan, anga kuma Bamingam. Sai dai hatimi shekarar zoben yake faɗa. Zobe kuwa ana iya sa shi daga baya.

Ga sauran gidajen Landan, babbar tambaya ita ce: an yi shi lokacin da gidan ke hannun masu shi na asali, ko bayan an sayar? Barling ya fita daga hannun iyalin a farkon shekarun 1960, Sasieni a 1979, kuma masu tarawa suna bin na kafin nan. A tsohon Comoy's, harafin C na kan baki guntaye uku ne aka dasa a ciki, in ka duba da kyau za ka ga mahaɗarsu. A tsohon GBD, 'yar tagulla ce aka dasa mai ɗauke da sunan. Na baya sau da yawa fenti ne ko bugu kawai.

Kada ka dogara da shekarar da mai sayarwa ya rubuta a kan tallarsa. Karanta tambarin da kanka, harafi bayan harafi. In hoton bai nuna shi ba, ba ka da abin tayawa tukuna.

San irin gwanjon da ka shiga

Ba duka suke tafiya iri ɗaya ba. A dandalin eBay lokacin rufewa tsayayye ne, daƙiƙar ƙarshe na cika an gama. A wasu dandamali, irin Catawiki da gwanjon Yahoo na Japan, tayin da ya shigo dab da rufewa yana iya ƙara lokaci. Sai gidajen gwanjo na gargajiya da ke watsa zamansu kai tsaye ta LiveAuctioneers ko Invaluable. Su waɗannan suna ɗora la'ada a kan mai saye, sau da yawa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na farashin da aka buga guduma, kuma yawanci suna sayar da kaya yadda suke, babu mayarwa. Amfaninsu shi ne ba kullum suke da masanin lofe ba, sai su haɗa goma a akwati ɗaya, wani lokaci da na kirki a ciki.

Kafin ka taya komai, duba abin da aka riga aka sayar. eBay yana da wurin tace sakamako ya nuna kayan da suka tafi da farashin da suka tafi a kai. Farashin da mai kaya ya sa buri ne kawai. Wanda aka biya shi ne kasuwa. Yi 'yan makonni kana kallo ba tare da taya ba, kana rubuta samfuri, yanayi da farashin ƙarshe. Kalmomin nema biyu za su yi maka amfani: estate, wato wanda wani ya taɓa mallaka, da unsmoked, wanda ba a taɓa kunnawa ba.

Bi hotuna da ido irin na mai neman aibi

Fara da rami. Kana son hoto daga sama da haske a ciki. Ƙanzo mai kauri ba aibi ba ne a kan kansa, sai dai yana ɓoye abin da ke ƙarƙashi, kuma in ya yi yawa yana iya tsaga tukunya. Abin tsoro shi ne ƙuna da ta ci itace. Alamarta a waje ita ce wani tabo mai duhu a jikin tukunya wanda bai bi zanen itacen ba. In ka ga wannan, wuce. Haka ramin da aka kankare fiye da kima har bango ya yi siriri ko ramin ya daina zama da'ira. Wasu masu gyara suna shafa baƙin rufi a cikin rami bayan sun share. Wani da niyyar kirki yake yi, wani kuma tsaga yake rufewa, don haka tambayi dalili.

Sai leɓe. Baƙin da ya taru a kai yawanci kwalta ce, tana gogewa. Amma leɓen da ya yi tas, gefensa da kaifi, launinsa ya fi na sauran jiki haske, a kan lofe mai shekara 60, alama ce an yanke samansa an rage tsayin tukunya. Gwada tsayin da na wani irinsa mai lambar siffa ɗaya, wato lambar da gidan ke bugawa don nuna fasalin lofe.

Daga nan wuya, musamman inda yake haɗuwa da baki, domin nan ne yake tsagewa. Zoben ƙarfe a kan samfurin da gidan bai saba sa masa zobe ba, yawanci ɗaurin tsaga ne. Lofen zai yi aiki, amma darajarsa wajen masu tarawa ta faɗi.

Baki kuma yana da tambayoyi biyu. Na asali ne? Duba alamar gidan, duba ko ya zauna daidai da wuya ba tare da tudu ko giɓi ba. Sannan yaya haƙori ya yi masa? Ƙananan sawu suna gogewa, rami mai zurfi ana cikewa amma yana nunawa, wanda aka huda kuwa aiki ne babba. Tsofaffin bakuna na baƙar roba mai tauri ne da ake kira balkanait, wadda haske da iska ke mayar da ita ruwan ƙasa ko kore-kore. Wannan kada ya tsorata ka. Hasali ma yakan nuna ba a taɓa yi wa lofen gyara ba. Na akirilik, wata roba ta zamani, ba ya koɗewa, don haka in ka gan shi a kan lofen da aka ce na shekarun 1930 ne, an canza shi.

A jikin tukunya nemi ciko, wato ƙananan ramukan itace da aka toshe da wani abu mai kama da ƙwaɓi. Da tsufa sukan fito fili, launinsu ja-ja ko ruwan hoda. Manyan samfuran gidajen kirki ba a san su da ciko ba, to ganinsa a kan lofen da ke ɗauke da babban suna dalili ne na tsayawa a sake duba tambarin.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni takaici, wato gugar inji. Mai sayarwa yana son kayansa su yi sheƙi a hoto, sai ya danna lofen a kan injin goge har haruffa su dushe, kusurwoyi su zama dunƙule, kafaɗar baki ta zagwanye. Lofen da ya yi shekara 80 lafiya, minti biyar sun isa a raba shi da abin da ya sa ake nemansa.

In mirsham ne, ƙara tambaya biyu: daga dunƙulen dutse aka sassaƙa shi ko garin dutse ne aka matse? Kuma akwatinsa na asali da aka ƙera daidai jikinsa yana nan? Tsaga a mirsham ba ta gyaruwa yadda ya kamata. Idan kuma an ambaci hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru a jikin wani tsohon lofe, bar shi, domin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da dokokin ƙasashe da yawa sun taƙaita ketare iyaka da su, kuma ana iya ƙwace kayan a hanya.

Yi wa mai kaya magana

Duba tarihinsa, amma ba yawan yabo kawai ba. Karanta ƙorafin da aka yi a kansa da yadda ya amsa, ka kuma duba ko lofe ya saba sayarwa. Wanda ya saba zai ba ka tsawo, nauyi, faɗin rami da zurfinsa ba sai ka roƙa ba. Wanda ya tsinci kayan a cikin gadon wani ba zai san komai ba, kuma wannan ba laifi ba ne, sai dai kai za ka yi masa jagora.

Tambayoyin gajeru ne. Bakin yana cirewa, kuma yana zama dam in an mayar? Tsinken share lofe yana wucewa daga baki har cikin rami? Akwai tsaga, ciko ko gyara? Wane wari yake yi? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin warin taba mai ƙamshin turare yakan kama itace ya ƙi fita, warin fumfuna kuwa ya fi shi taurin kai. Nemi hoton tambari a hasken rana, daga gefe, yadda inuwa za ta fito da haruffa. Yi duk wannan ta akwatin saƙon dandalin, domin amsarsa ta zama shaida in an sami saɓani. Wanda ya ƙi ƙara hoto ɗaya a kan kaya mai tsada ya riga ya ba ka amsa.

Yanke iyakarka tun kafin zuciya ta hau

Lissafin daga baya ake fara shi. A ce duka abin da lofen ya cancanta a wurinka, ya iso hannunka a gyare, 200 ne a kowane irin kuɗi. Cire kuɗin aikowa, a ce 25. Cire harajin shigo da kaya, a ce 15. Cire gyara, a ce 20. Saura 140. Idan gidan gwanjon yana karɓar la'adar kashi 25 cikin ɗari, raba 140 da 1.25, ka sami 112. To 112 ne tayinka na ƙarshe, ba 200 ba. Rubuta shi a takarda.

A eBay, in ka sa iyakarka, na'ura ce ke taya maka kaɗan-kaɗan, kuma in ka ci, abin da za ka biya ɗan ƙari ne a kan tayin wanda ya zo na biyu. Saboda haka babu amfanin ƙara tayi kullum tun saura kwana biyar. Kana sanar da abokan hamayya ne cewa akwai mai so, kana kuma ba su lokacin su yi ta gwada iyakarka. Sa tayi ɗaya, cikakke, a daƙiƙun ƙarshe. Kada ya zama lamba mai zagaye. Mutane da yawa suna tsayawa a 100 ko 110, to 112 zai tsallake su. Idan tayi biyu suka zo daidai, wanda ya riga sawa shi ke ci. A inda ake ƙara lokaci kuwa, jiran daƙiƙar ƙarshe ba ya hana kowa mayar da martani, don haka abin da zai tsare ka shi ne lambar nan da ka rubuta.

Lura da wasu abubuwa biyu. Akwai kayan da aka sa musu ɓoyayyen farashi wanda in tayi bai kai shi ba, ba za a sallama ba. Akwai kuma tayin bogi, inda wani na kusa da mai kaya ke tura farashi sama. Alamarsa sabon asusu da ke bin kayan mutum ɗaya kawai, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan yana kuma janyewa. Tayi alkawari ne, in ka ci dole ka biya. In kuma an fi ka, bar shi ya tafi. Lofen masana'anta dubbai aka yi, wani irinsa zai sake fitowa.

Biya, karɓa, duba

Biya ta cikin dandalin ko ta hanyar da ke kare mai saye. Idan mai kaya ya ce ku koma gefe zai rage maka, ko ka tura ta sashen 'yan uwa da abokai na PayPal, ka san kariyarka ce kake sayarwa. Nemi a sa kayan a kwali mai tauri, a naɗe, da lambar bin sawu.

Da ya iso, ɗauki hoto tun daga buɗe kwalin. Gwada shi da bayanin talla kafin ka goge ko da ƙura. Haska rami da tocila, bi wuya da gilashin ƙara girma, murɗa baki a hankali kana riƙe da wuya kusa da mahaɗa. In ya cije, kada ka yi masa ƙarfi, sa lofen a firiza na ɗan lokaci ka sake gwadawa. Idan ka tarar da tsaga ko gyaran da ba a faɗa ba, eBay yana ba da kwana 30 daga isowar kaya don shigar da ƙorafi, amma da ka fara gyara ka raunana hujjarka.

In komai ya yi daidai, sai shara, kuma mai sauƙi. Rage ƙanzo a hankali ba tare da taɓa itace ba. Tsoma tsinken shara a alkohol ka bi baki da wuya har ya fito fari, kana kiyaye kada ya ɗiga a jikin tukunya, domin yana cin launi. Wari mai naci ana cire shi ta cika rami da gishiri ko auduga, a jiƙa da alkohol, a bar shi ya kwana. Mirsham ba a yi masa wannan. Tambari kuma kada takardar yashi ko inji su kusance shi. Lofe mai daraja sosai a kai wa gwanin gyara, a gaya masa a fili cewa shara ake so, ba sabuntawa ba.

Tara lofe ba ya wajabta shan taba, kuma masu tarawa da dama sassaƙar da tarihin suke bi. Hayaƙin lofe yana jawo kansar baki, maƙogwaro da huhu, tsufan lofen ko kyansa ba sa rage wannan.

Ajiye shi inda rana ba ta bugunsa kuma babu laima, saboda bakin balkanait da kuma itacen. Akwati, jakar yadi ko takardar da ya zo da su, kada ka yar, suna ƙara masa daraja. Buɗe masa shafi a littafi ko a kwamfuta: abin da tambarin ya ce harafi da harafi, awonsa, ranar saye, abin da ka biya duka, hotunan tallar, da duk gyaran da aka yi masa da wanda ya yi. Hotunan tallar ka sauke su tun ranar da ka ci, domin dandamali suna goge tsofaffin shafuka bayan wani lokaci.